Razana da Illolinta ga Hankalin Matasa da Ɗalibai a Arewacin Zamfara

Gabatarwa

Bahaushe ya bambanta tsoro da fargaba da razana. Tsoro na abin da ake gani ne, fargaba ta abin da ake tsammani ce, razana kuwa ita ce girgizar da takan auka wa zuciya farat ɗaya, har ta bar tabo bayan abin da ya jawo ta ya wuce. Wannan maƙala za ta dubi irin wannan tabo a zukatan matasa da ɗalibai na ƙasashen Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, inda hare-haren 'yan bindiga suka shafe fiye da shekara goma suna addabar jama'a.

Tushen Al'amarin

A watan Fabrairu na 2018 mahara suka kashe mutane masu yawa a Birane, cikin ƙasar Zurmi. A watan Mayu na 2019 kuma suka shiga makarantar sakandaren 'yan mata ta Moriki, suka tafi da wasu ma'aikata. Ranar 26 ga Fabrairu, 2021, aka sace 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe ta ƙasar Talatan Mafara, labarin da ya shiga kowane ɗakin kwanan ɗalibai a jihar. Cikin Satumbar wannan shekara hukuma ta rufe makarantu da kasuwannin mako, aka kuma katse layukan waya. Ke nan yaro ba sai an kama shi ba kafin ya razana: wani ya ga gawa, wani ya kwana a daji, wani ya ga an sayar da gonar gidansu don fansar mahaifinsa.

Yadda Razana ke Aiki

Idan mutum ya fuskanci halaka, jikinsa yakan saki sinadarai irin su adirinalin da kotisol, zuciya ta yi ta bugawa, jijiyoyi su ɗaure, domin gudu ko kare kai. Wannan rahama ce a lokacin hatsari. Matsala tana zuwa ne idan jiki ya ƙi kwancewa bayan hatsarin. Likitocin ƙwaƙwalwa a Amurka sun sanya wannan hali cikin kundin cututtukansu a 1980, bayan nazarin sojojin da suka dawo daga yaƙin Biyetnam. Alamominsa su ne mugun mafarki, da dawowar abin a ido kamar yanzu ake yin sa, da guje wa duk abin da ke tuna shi, da zabura, da saurin fushi. Idan suka wuce wata guda suna hana mutum harkokinsa, to an shiga ciwo. Da ma Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Tsumman yaron Zurmi shi ne ƙarar babur.

A aji kuwa, ɗalibin da bai yi barci ba, wanda kunnensa ke waje, ba ya riƙe karatu, watau hadda da lissafi sukan kuɓuce masa. Sau da yawa malami yakan ɗauki wannan a matsayin daƙiƙanci ko taurin kai, ya sa bulala, ciwo ya ƙaru. Wasu matasan kuma sukan nemi mantuwa a shaye-shaye.

Matsayin Al'ada

Tarbiyyar Hausa ta ginu a kan haƙuri da kunya da dauriya, ana kuma cewa ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Waɗannan ɗabi'u suna riƙe mutum, amma sukan rufe bakin mai ciwo, musamman yarinyar da aka ci wa mutunci, wadda ke tsoron rasa miji. Haka kuma, kalmar “taɓin hankali” ta yi kusa da “hauka”, shi ya sa iyaye sukan fi son a ce iska ce ta shafi yaro, a nemi tofi da rubutu da turare. Addu'a da jaje da zumunci suna sanyaya zuciya ƙwarai, sai dai bai kamata su hana zuwa asibiti ba.

Kammalawa

Ba duk wanda ya razana ke kamuwa da ciwo ba. Da yawa sukan murmure idan suka sami aminci da babba mai saurarensu. Wanda alamominsa suka daɗe kuwa, akwai magani ta hanyar tattaunawa da masana, kamar na asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a jihar Sakkwato. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta amince da haƙƙin irin waɗannan marasa lafiya. Abin da ya rage a wuyan masana harshe shi ne samar da kalmomin da yaro zai faɗi ciwonsa da su ba tare da an kira shi mahaukaci ba. A wuyan malamai kuwa, a tambayi ɗalibi abin da ya gani kafin a tuhume shi da abin da ya manta.