3.4 Gamin Ƙarafa Marasa Nauyi da Ƙirar Fari a Birnin Sakkwato

Ƙira daɗaɗɗiyar sana'a ce a birnin Sakkwato, musamman a unguwar Maƙera Assada. Maƙera sun kasu gida biyu, wato maƙeran baƙi da maƙeran fari. Su maƙeran fari su ne ke narka azurfa da tagulla da sanholo, saboda haka sun daɗe da sanin cewa gauraya ƙarfe da ƙarfe yana sauya ɗabi'arsa.

A kan wannan hikima ce masana kimiyya suka gina gamin tagulla da wasu ƙarafa biyu marasa nauyi, wato beriliyam da aka gano a Faransa a 1798, da sikandiyam da aka gano a Suwidin a 1879. Idan aka auna su bisa girma ɗaya, tagulla ta ninka beriliyam nauyi kusan sau 5, ta kuma ninka sikandiyam sau 3. Idan ƙwayoyin waɗannan ƙarafa suka haɗu bisa ƙayyadadden kaso, sai su jeru cikin tsari na musamman. Irin wannan gami yana da tauri ƙwarai, amma yana da gautsi, wato ya fi saurin tsagewa bisa lanƙwasa. Don haka akan zuba kaɗan ne cikin wani ƙarfe domin a ƙarfafa shi.

Alal misali, tagullar da aka sa wa beriliyam kimanin kashi 2 cikin 100 takan yi ƙarfi kusan kamar baƙin ƙarfe, kuma ba ta tartsatsin wuta. Da ita ake yin guduma da sufana na ma'aikatan man fetur, da ƙananan sassan kayan lantarki. Shi kuwa sikandiyam, Tarayyar Sobiyet ta gauraya shi da sanholo wajen ƙera jiragen yaƙi.

Sai dai akwai haɗari a nan. Ƙura da hayaƙin beriliyam suna haddasa ciwon huhu wanda ba ya warkewa, kuma yakan ɗauki shekaru kafin ya bayyana. Maƙerin da ke narka tarkacen kayan lantarki ba zai iya bambanta wannan gami da tagulla zalla da ido ba. Ke nan wajibi ne a tantance tarkace kafin a zuba shi a wuta, a kuma yi narki da goga a inda iska ke kaɗawa.