*KAFIN KA HAU DUTSEN KILIMANJARO, KARANTA WANNAN* ⛰️



Kilimanjaro da ke Tanzaniya shi ne dutse mafi tsawo a Afirka, mita 5,895. Asalinsa dutse ne mai aman wuta, amma ya daɗe da lafawa. To ɗan uwa, in ka yi niyyar hawansa, abin tsoron ba wutar ba ce, ƙarancin iska ne. A can ƙololuwa, iskar oksijin da za ka samu a shaƙa ɗaya kusan rabin wadda ka saba samu ce a ƙasa.

Daga mita 2,500 jiki ke fara kokawa. Ka duba, Jos ma da muke ganin tudu ce ba ta kai mita 1,500 ba.

*ALAMOMIN FARKO*
▪️Ciwon kai
▪️Tashin zuciya da rashin cin abinci
▪️Jiri, kasala da rashin barci

In ka ji waɗannan, ka tsaya a inda kake. Kada ka ƙara hawa sai sun tafi.

*ALAMOMIN HAƊARI* ⚠️
▪️Tafiya tangal-tangal ko ruɗewa
▪️Haki ko da kana zaune
▪️Tari mai fitar da kumfa

Wannan fa alama ce ta kumburin ƙwaƙwalwa ko taruwar ruwa a huhu, kuma yana kisa. Maganinsa saukowa nan take, ko da tsakar dare ne.

*SHIRIN DA ZA KA YI*
1️⃣ Ga likita tukuna. Mai sikila, mai ciwon zuciya ko na huhu, da mai juna biyu kada su kuskura su hau ba da izininsa ba. Ko mai AS ya faɗa masa, don a irin wannan tsawo saifa kan iya samun matsala.
2️⃣ Yi wata 2 zuwa 3 kana atisayen tafiya da hawa tudu, da jaka a bayanka.
3️⃣ Zaɓi hanyar kwana 7 ko 8, ba ta kwana 5 ba. 'Yan rakiya can kullum cewa suke "pole pole", wato sannu sannu. Ƙarfin samartaka ba ya hana wannan ciwo.
4️⃣ Sha ruwa lita 3 zuwa 4 kullum. Azumin nafila a bar shi sai an sauko.
5️⃣ Tanadi rigunan sanyi masu kauri, safar hannu, da takalmin da ƙafarka ta saba da shi. Sanyin sama yana daskarar da ruwa.

Dabino da zuma suna ba da kuzari, shayin citta yana rage tashin zuciya, amma ba sa ƙara oksijin. Ƙwayar Diamox kuwa sai likita ya rubuta.

Dutsen yana nan ba ya gudu, rai kuma amana ne.

Allah ya ba mu lafiya mai amfani. Ku tura wa 'yan uwa. 🤲