Otal-otal da Tsuntsayen Ƙananan Tsibiran Seychelles

Ƙasar Seychelles tarin tsibirai ce guda 115 a yammacin Tekun Indiya, tazarar kusan kilomita 1,500 daga gaɓar gabashin Afirka, kuma ta yi suna a fagen kare halittu saboda wani tsari da ba a cika samun irinsa ba, wato na ƙananan tsibiran da attajirai ko kamfanoni suka mallaka, suka gina otal guda a kan kowanne, sannan suka bar sauran filin ya zama mafakar tsuntsaye da kunkuraye. Ba za a gane dalilin tasirin wannan tsari ba sai an fahimci irin cutar da ke kashe halittun tsibiri, domin ta sha bamban da wadda aka saba gani a dazuzzukan babbar ƙasa, inda mafarauta da masu saran itace ke kan gaba wajen ɓarna.

In ban da jemagu, babu wata dabba mai shayarwa da ke zaune a tudun waɗannan tsibirai kafin zuwan ɗan Adam, saboda haka tsuntsayen wurin suka shafe dubban shekaru ba su san abin gudu ba, suna kiwo a ƙasa, suna sheƙa a inda duk mai haƙori zai iya kaiwa. Da Faransawa suka kafa zango a 1770, jiragen ruwansu suka sauke ɓeraye, mazauna suka kawo kyanwowi don maganin ɓerayen, aka kuma share dajin asali aka dasa kwakwa, wadda ake busar da tsokarta a fitar da ita waje don tatsar mai. Lokacin da kasuwar busasshiyar kwakwa ta karye a shekarun 1970, gonakin suka zama kufai cike da ɓera da baƙin tsirrai, kuma a daidai wannan lokaci ne aka buɗe filin jirgin sama na ƙasa da ƙasa a babban tsibirin Mahe, wanda ya buɗe wa masu yawon buɗe ido ƙofa. Ƙasar da manomi ya bari ita ce mai otal ya saya.

Tsuntsun da labarinsa ya fi fito da wannan al'amari fili shi ne wanda mutanen ƙasar ke kira pi santez a harshensu na Kiriyol, sunan da ke nuni ga daɗin kukansa. Baƙi ne wuluk mai farin tabo a fiffike, yana bin manyan kunkuraye a ƙarƙashin itatuwa yana tsintar ƙwarin da suke tonowa daga busassun ganye, kuma macen ƙwai ɗaya tak take sakawa a kowace sheƙa, abin da ya sa duk asarar da aka yi masa take daɗewa ba ta cike ba. Ya zuwa shekarun 1960 ya ƙare a ko'ina sai a tsibirin Fregate, wanda faɗinsa bai wuce murabba'in kilomita 2 da 'yan kai ba, kuma a can ma waɗanda suka rage ba su kai 20 ba. Abin da ya tsirar da shi a Fregate shi ne rashin ɓera a tsibirin. An kawar da kyanwowi a farkon shekarun 1980, sannan a 1990 ƙungiyar da yau ake kira BirdLife International, tare da takwararta ta Birtaniya RSPB, suka fara shirin farfaɗo da shi da tsuntsaye 20 da ɗoriya, suna rataya masa akwatunan sheƙa, suna ƙara masa abinci, suna kuma dasa itatuwan asali masu inuwa.

Sai dai a 1995, a shekarun da jiragen ruwa ke ta zirga-zirgar kayan gina otal ɗin da aka buɗe a 1998, ɓeraye suka bayyana a Fregate, suka hayayyafa cikin ɗan lokaci har suka mamaye tsibirin. Wannan magana ce da takardun tallar otal-otal ba su cika ɗaga ta ba, amma tana da muhimmanci, domin ta nuna cewa hannun da ke kawo kuɗin gyara shi ne kuma ke iya shigo da ɓarnar. A shekara ta 2000 aka yi aikin kawar da ɓerayen ƙarƙashin jagorancin ƙwararru daga ƙasar New Zealand, cikinsu har da Don Merton, wanda ya yi fice wajen ceto tsuntsayen tsibiri. Aka kama pi santez ɗin da ke tsibirin aka killace su a manyan kejuna, aka tsare kunkuraye a shinge, sannan jirgi mai saukar ungulu ya bi tsibirin layi-layi yana watsa abinci mai gubar da ke hana jini daskarewa, ta yadda babu wani lungu da ɓera zai tsira a cikinsa. Aikin ya yi nasara.

A nan ne fa'idar mallakar mutum ɗaya take bayyana. Kawar da ɓera ba ya karɓar rabin nasara, domin mace ɗaya mai ciki da ta tsira, ko ta sauko daga kwalekwalen kaya bayan shekara guda, ta isa ta mai da aikin baya. Tsibirin da ke da ƙauyuka da yawa da mashigai barkatai yana da wuyar tsarewa, amma wanda ke da mai shi ɗaya da mashigi ɗaya ana iya kafa masa doka a bi ta: a kwance duk wani buhu da kwali a cikin ɗakin da ɓera ba zai iya fita ba, a jera tarkuna a bakin gaɓa, a rufe sharar kicin, a kuma biya ma'aikatan da za su riƙa duba tarkunan kullum. Wannan tsaro na yau da gobe, wanda masana ke kira kiyaye shigowar baƙin halittu, shi ne ainihin abin da kuɗin baƙi ke saya, kuma shi ne abin da tallafin ƙungiyoyin waje, mai zuwa da wa'adin shekara uku ko biyar, ba ya iya ɗauka.

Wasu tsibiran sun bi wannan sawu, ko da yake ba da sauƙi ba. A Denis yunƙurin farko na 2000 bai kawar da ɓera ba sai da aka sake a 2002, kuma a 2008 aka kai masa pi santez da kuma wani tsuntsu mai dogon bindi da ake kira vev, wanda kafin nan kusan a tsibirin La Digue kaɗai yake hayayyafa. A tsibirin North, inda aka buɗe otal a 2003, sai a karo na biyu ne, a 2005, aka ga bayan ɓeraye, aka kuma saki tsuntsun zwazo linet mai farin zobe a ido a 2007. Rarraba tsuntsu a tsibirai da dama kariya ce daga cuta ko guguwar da za ta iya share su a wuri guda. Da wannan dabara yawan pi santez ya haura 200 a tsibirai biyar, kuma tun 2005 aka sauke shi daga matakin halittun da ke dab da ƙarewa zuwa na ƙasa da shi.

Adalci ya buƙaci a ce ilimin da aka yi aikin da shi daga ƙungiyoyin kare halittu da jami'o'i da ma'aikatar muhalli ya fito, otal kuwa fili da jirgin ruwa da albashi ya bayar. Tsibirin Cousin, wanda aka saya a 1968 don ceto wani ƙaramin tsuntsu da ya rage ƙasa da 30, ba shi da otal ko ɗaya, da kuɗin shiga na masu ziyarar wuni yake tafiya, kuma daga cikinsa ne aka ɗebi irin wannan ƙaramin tsuntsun aka zuba a Denis da Fregate.

Raunin tsarin ma a fili yake. Kwana ɗaya a irin waɗannan wurare yana cin dubban daloli, don haka talakan ƙasar ba ya ganin tsuntsun da aka ceto da sunan ƙasarsa sai in aikin otal ya kai shi. Kuɗin kuma ba tabbas gare shi ba, kamar yadda annobar korona ta nuna, inda baƙin da suka shiga ƙasar suka ragu daga kusan 384,000 a 2019 zuwa kusan 115,000 a 2020, alhali ɓera bai san an rufe filin jirgi ba. Tsibiri na iya sauya hannu, sabon mai shi kuma ya fi son ƙarin ɗakuna a kan ƙarin itatuwa. Ga kuma teku, wanda shinge ba ya tare shi: ɗumamar ruwa ta 1998 ta kashe mafi yawan murjanin da ke kewaye da manyan tsibiran ƙasar, kuma jiragen saman da ke kawo baƙin suna cikin masu ƙara wa duniya zafi.

Game da mutanen gari, tsibirin Chumbe da ke kusa da Zanzibar ya nuna cewa akwai wata hanya. Tun 1994 gwamnati ta ayyana murjanin da ke gaɓarsa a matsayin wurin da aka haramta kamun kifi, kamfanin da ke kula da shi ya taƙaita ɗakunan baƙi zuwa bakwai, ya ɗauki tsofaffin masunta aikin gadi, yana kuma kai 'yan makarantar Zanzibar su ga murjanin da idonsu ba tare da sun biya ba. Otal ɗin da ke da'awar kare halittu ana auna shi ne da ƙidayar tsuntsayen da suka ƙyanƙyashe a filinsa, da tarkunan da ke bakin mashiginsa, da yawan 'yan ƙasa da aka bari su taka tsibirin, kuma wanda ya kasa nuna waɗannan, otal ne kawai a wuri mai kyan gani.