Shirin Musamman: Abin da Ƙashin Fir'auna Ya Faɗa

(Kiɗan buɗe shiri)

 Duk wanda ya taɓa ganin tsoho yana yunƙurin tashi daga tabarma, hannu ɗaya a ƙugu, ɗaya dafe da bango, ya san ciwon gaɓoɓi. Yau za mu bi sawun wannan ciwo har zuwa Masar ta zamanin Fir'aunoni.

Fir'auna Ramsis na Biyu ya yi shekara 66 a kan mulki, ya kai wajen shekara 90 a duniya. Da aka ɗauki hoton ƙashin gawarsa, sai aka ga gaɓoɓin bayansa sun manne da juna. Wasu likitoci suka ce kumburin gaɓoɓi ne, irin wanda ke kama mutum tun yana saurayi, ya sandarar masa da baya har waiwaye ya gagare shi. An daɗe a kan wannan magana.

A 2014, Dakta Sahar Salim ta Jami'ar Alƙahira da abokin aikinta Zahi Hawas suka fitar da sakamakon duba gawarwaki 13 na gidan sarauta da na'urar CT. Sun leƙa mahaɗar ƙugu da ƙashin baya, inda cutar ke fara ci, ba su ga alamarta ba. Ashe jijiyoyin da ke jikin ƙashin bayan ne suka rikiɗe suka zama ƙashi, kamar kyandir da ya narke ya daskare. Larura ce ta tsufa, an same ta a jikin sarakuna 4, har da Ramsis da ɗansa Marneftah. Kama da wane ba wane ba ne.

Dabbobi ma ƙashinsu ya yi magana. A wani kwari kusa da Luksor an tono gawarwakin gwaggon biri, dabbar da Misirawan dā ke girmamawa. Wani bincike na 2023 a kan guda 36 ya nuna yawancinsu ƙasusuwansu sun lanƙwashe, saboda rashin hasken rana da rashin abinci mai gina jiki. Ana girmama su, amma a kulle aka rene su.

Mai sauraro, Ramsis ya riga ya tafi, kuskuren likita ba zai cutar da shi ba. Kai da ke raye fa? Idan matashi yana wayar gari bayansa a sandare, sai ya motsa jiki yake samun sauƙi, har wata uku ana abu ɗaya, kada a ce sanyi ne kawai. A kai shi asibiti tun gaɓoɓin ba su manne ba.

Allah Ya ƙara mana lafiya. Mu kwana nan.

(Kiɗan rufe shiri)