Yadda kwamfuta ke juya alhamza a rubutun Hausa

Duk wanda ya taɓa kai katin gayyatar aure ko takardar ta'aziyya shagon buga takardu a Talata Mafara, Bakura ko Maradun, ko ya aiko da ita daga Gidan Goga, mai yiwuwa ya ga wani ɗan kuskure da ke yawan fitowa: alhamzar da ke farkon kalmomi irin su 'yan da 'yar ta juya baya.

Laifin ba na mai bugawa ba ne. Manhajojin rubutu irin su Microsoft Word suna da wani tsari da ke sauya miƙaƙƙiyar alamar da aka danna zuwa lanƙwasasshiya, domin ƙawata alamar zancen wani.

Abin da manhajar ke dubawa shi ne abin da ya gabaci alamar. Idan harafi ne, sai ta sa ta rufewa, mai kama da lamba 9. Idan kuwa fili ne ko farkon layi, sai ta ɗauka zancen wani za a buɗe, ta sa mai kama da lamba 6.

Wannan ƙa'ida ta dace da kalmomi kamar ma'ana da sana'a. To amma a Hausar Najeriya, 'y harafi ne mai zaman kansa, kuma yakan zo a farkon kalma. Shi ya sa ake ganin ‘ya’ya, alhamza biyu kowace na kallon nata ɓangare, maimakon ’ya’ya. Haka sunan tsohon garin malamai na 'Yandoto a Zamfara ke fitowa.

Wasu masu bugawa kan gaji su jefar da alamar baki ɗaya, wanda hakan ya fi muni. 'Ya'ya daban, yaya daban, haka 'yar da yar. A takardar rabon gado ko ta shaida, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne.

Gyaran dai ba wuya. A Word ana shiga File, sai Options, sai Proofing, sai AutoCorrect Options. A shafin AutoFormat As You Type ne ake cire alamar amincewa daga layin da ke sauya miƙaƙƙun alamu. A Google Docs zaɓin yana ƙarƙashin Tools da Preferences.

Wanda kuma yake son lanƙwasassun alamu a sauran rubutunsa, zai iya danna alhamza sau biyu ya goge ta farko. Danna Ctrl da Z nan take kuwa yana mayar da ita miƙaƙƙiya.

Akwai wata hanyar da ta fi waɗannan inganci, ko da yake ba kowa ya san ta ba. Tsarin Unicode ya tanadi wata alhamza mai lamba 02BC, wadda kwamfuta ke ɗauka a matsayin harafi, ba alamar rubutu ba. A Word ana rubuta lambar a danna Alt da X. Sai dai ba kowane salon haruffa ke nuna ta da kyau ba.

A Maraɗi da sauran garuruwan Nijar lamarin ya bambanta. Ƙa'idar rubutun ƙasar tana amfani da ƴ mai lanƙwasa, don haka ƴan da ƴaƴa ba sa buƙatar alhamza. Matsalarsu ita ce idan an saita harshen takarda a kan Faransanci, Word kan mayar da alamar zancen wani zuwa « », har da fili a ciki, kamar yadda ake yi a Faransa.