Tabkin cikin gari: gyaransa daga ƙofar gida yake farawa

Garin Damagaram bisa dutse yake zaune. Idan an yi ruwan sama, ƙasa ba ta shanye shi da sauri, sai ya bi tituna ya gangara cikin tabkunan gari. Haka Tawa take da tabkinta na Babaye. Waɗannan tabkuna suna da amfani gare mu: su ke tare ruwan damana kada ya ci gidaje, a nan bisashe ke sha, masu tubali da masu garka kuma su ɗiba.

Amma ruwan ba shi kaɗai yake zuwa ba. Ruwan farko na damana shi ya fi kowane dauɗa, domin yana wanke abin da muka zubar tun rani: leda, kashin dabbobi, bahaya, baƙin man gareji da rairayi.

Mi wannan dauɗa ke haifarwa?

Kashin dabbobi da bahaya taki ne. Idan suka shiga tabki, gansakuka da kainuwa sai su rufe ruwa. In sun mutu suka ruɓe, iskar da ke cikin ruwa ta ƙare, kifi ya mutu, wari ya tashi. Rairayi da leda kuwa suna cike tabki, zurfinsa ya rage, ruwa ya rasa mazauni. Mun ga ƙarfin ruwan damanar 2024, wadda har tsohon masallacin Birni ya rushe cikinta.

Ga kuma cuta. Yaron da ke fitsarin jini, in ya yi fitsari cikin tabki, ƙwan tsargiya yana ƙyanƙyashewa, tsutsar ta girma cikin katantanwa, ta fito ta huda fatar wani yaro mai wanka. Ruwan da bahaya ya shiga shi ke yaɗa kwalara, irin wadda ta kama jihohin Maraɗi, Damagaram da Tawa a 2021.

Tabkin da ya ɓaci yana gyaruwa

Akwai misali a wata ƙasar Afirka. Tabkin arewa na birnin Tunis ya daɗe yana wari. Da farko aka kauda ƙazamin ruwan birni daga gare shi, sannan daga 1985 zuwa 1988 aka yashe laka, aka buɗe wa ruwan teku hanya. Ruwan ya gyaru. Darasin shi ne: a tsaida dauɗa tukuna, kana a yi yasa.

Aikin da ke gabanmu

Cikin watan Mayu, kafin ruwa ya sauka, kowace unguwa ta yi gayya ta yashe kanibo, a kwashe sharar nan take. Takin dabbobi a kai shi gona, can ake bukatarsa. A mashigar tabki a gina rami mai ragar ƙarfe don tare rairayi da leda, a riƙa kwashewa bayan kowane ruwa. A dasa jema a bakin tabki, saiwarta tana riƙe ƙasa. Salanga a yi ta nesa da ruwa. Leda kuwa, tun 2014 doka ta hana marar kauri. Mu koma ga kwando. Yaro mai fitsarin jini a kai shi gidan likita, akwai magani.

Ƴan uwa, riga-kafi ya fi magani. Allah ya ba mu damana mai albarka.