CIWON IDON BISASHE: KADA KA BARI YA SHIGA CIKI

Yau zancenmu a kan ido ne. Ka san sa mai ido ɗaya ba ya jan amalanke daidai, kuma in ka kai shi kasuwar Maraɗi dillali zai karya mashi kuɗi. Galibi asarar nan daga ɗan hawaye take farawa.

Yadda ido yake

Ido kamar ɗan ɗaki ne. Gabansa akwai fata mai haske kamar gilashi, ta nan haske ke shiga. Cikinsa cike yake da wani ruwa mai kauri kamar farin ƙwai. Can baya, manne da bango, akwai wani tantani wanda kaurinsa bai kai rabin milimita ba. Likitoci suna ce mashi retina. Shi ne ke kama hoton abin da aka gani ya aika ma ƙwaƙwalwa.

Ta ina cuta ke shiga?

1. Ta rauni. Ƙayar aduwa ko ta bagaruwa, tsinin karan hatsi bayan girbi, ƙaho ko bulala, duk suna huda ido su shigar da ƙwayoyin cuta.

2. Ta ciwon jan ido. Ga shanu, wata ƙwaya mai suna Moraxella bovis ke kawo shi, ƙudaje kuma su ɗauke ta daga wannan dabba zuwa waccan, musamman da damina. Tumaki da jar akuya su ma suna da irin nasu. In an ƙyale, miki ya fito bisa gilashin ido, ya yi ta zurfi har ya ɓule.

3. Ta jini. Ɗan maraƙi ko ɗan akuya da bai sha dakashi ba, cibiyarsa kuma ta ruɓe, ƙwayoyin cuta na iya bin jini har cikin ido.

Mi ke faruwa ciki?

Ka ga yadda yaɓe ke ɓamɓarewa in laima ta shiga bayansa? To, haka abin yake. Ƙwayoyin cuta suna hayayyafa cikin ruwan ido, mugunya ta taru. Ruwa ya kwanta bayan tantanin ya ɗaga shi daga bango. Ko da ciwon ya lafa, tabon da ya bari yana takurewa ya jawo tantanin ya rabo shi. Da ya rabu da bangon da ke ciyar da shi, sai ya fara mutuwa. Ga dabba, in an kai nan, allura ba ta maido da gani. Wani lokaci ma sai an cire idon don ta huta da zogi.

Alamun da za ka lura da su

Hawaye da kwantsa, dabba tana runtse ido tana gudun rana: ciwo yana waje, magani na kama shi. Amma in ka ga fari ya kwanta ƙasan baƙin ido kamar nono cikin ƙwarya, ko ido ya kumbura, ko dabba tana karo da turke, to ciwo ya shiga ciki.

Abin yi

- Ware dabbar, ka ɗaure ta a inuwa.
- Wanke idon da ruwan da aka tafasa ya huce.
- Kira malamin dabbobi ran nan, ba sai ran kasuwa ba. Shi zai sa man ido ko allurar oksitetrasiklin daidai nauyin dabba, ya gaya maka kwana nawa za a bar shan nononta.
- Kada ka zuba gishiri, kanwa, taba ko barkono. Miki suke ƙara ma zurfi.
- Kada ka sayi maganin ɗigawa a tebur. Wasu suna da kortizon, shi kuwa hana miki warkewa yake.
- Kwashe taki daga garke, ƙudaje su ragu.
- Jariri ya sha dakashi tun sa'o'in farko, a shafa ma cibiya iyodin.

Kai ma fa ido gare ka

In ƙaya ko kara ya soke ka wajen sassabe ko yanko ganye a dajin Baban Rafi, kada ka murza, kada ka ja abin da ya maƙale. Akwai ƙwayar cuta cikin ƙasa, Bacillus cereus, wadda ke iya lalata ido cikin kwana 1 ko 2. Rufe idon ba tare da dannawa ba, ka nufi Maraɗi ran nan, asibitin ido na Makka ko babban asibiti. Ga mutum ana yin allura cikin ido, har ana aikin maida tantanin wurinsa, amma sai an zo da wuri.

Allah shi kare mu, shi kare dukiyarmu. Amin.